Taura Biyu a Sabon Maci

Ranar kasuwar Sabon Maci ce, rana ta take, motocin Maraɗi da na Dakoro sun cika bakin hanya, ƙurar bisashe ta turnuƙe gari. Ina zaune a benci cikin shagon da ɗan ƙanwata yake aiki, ina jiran ya buga mini wata takarda, sai ga wani dattijo dillalin bisashe ya faɗo da salula a hannu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ɗana, duba mini. WhatsApp ɗina ya fita, ga 'yan uwa suna ta kira wai na ce su turo kuɗi."

Yaron ya tashi ya ba shi kujerarsa. "Sannu Baba Alhaji, zauna tukuna. Akwai wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa wasu lambobi?"

Akwai kuwa. Da hantsi wani mai ladabi ya kira, ya yi sallama cikakkiya, ya ambaci sunan zauren 'yan kasuwa da dattijon yake ciki, ya ce ana sabunta rajista, za a turo lambobi shida, a taimaka a karanto masa. Alhaji ya karanto. Yaron bai tsaya yi masa faɗa ba. Ya sake shigar da lambar layin, ya jira saƙo ya shigo, ya zuba sababbin lambobin, wanda hakan kaɗai ya isa ya fitar da ɓarawon daga asusun ko a ina yake. Sai dai mutumin ya riga ya kafa tasa lambar sirri ta biyu, saboda haka sai an yi kwana bakwai kafin Alhaji ya koma ciki. Kafin nan yaron ya sa Alhaji ya kira ɗansa da ke Agadas da ƙanensa da ke Libiya, su ji muryarsa da kunnensu, ya ce musu kada wanda ya turo ko dala. Duka abin bai kai minti ashirin ba. Ga mai jiran hoton kati, ga malamin lakkal da kwamfutarsa ta ƙi tashi, ga ni da takardata, duk muna layi.

Aikinsa ke nan yau shekara uku. A manyan ma'aikatu ana ware wa irinsa ofis, a ce shi ne mai kula da na'urorin ma'aikata. A nan shi kaɗai ne ofishin duka. Firinta ta maƙale, shi. Kwamfutar wata ƙungiyar agaji ta daina ganin intanet, shi. Wayar wakilin tura kuɗi ta ƙi karɓar saƙo, a aiko kabu-kabu ya ɗauke shi.

Da dare bayan isha'i na same shi a tabarma, ya jingina waya da butar shayi yana kallon wani Ba'amurke yana bayani, ga littafin rubutu a cinya. Wata huɗu ke nan yana shirin jarrabawar takardar shaida ta farko a fannin tsaron kwamfuta da intanet. Ya tsayar da bidiyon ya ce, "Kawu, shawara nake so. In ajiye aikin nan in tafi Yamai in yi karatun gaba ɗaya, ko in ci gaba da haɗa su?" Abokinsa da suka yi bak tare ya tafi bara, yana wata makaranta mai zaman kanta, kullum yana turo masa hoton ɗakin gwaji cike da kwamfutoci.

Ban ba shi amsa a daren ba. Na kwana ina juya maganar, domin ba shi kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba. Daga Kornaka zuwa Tibiri, daga Jibiya zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, samari ne birjik da hannunsu ya faɗa a gyaran waya da kwamfuta, suna jin ana cewa tsaron intanet shi ne aikin gobe, suna tunanin ta inda za su kama.

Mai cewa a tafi yana da hujja, kuma Bahaushe ya riga ya yi mata karin magana: taura biyu ba ta taunuwa. Mutumin da ya wuni tsaye daga bakwai na safe zuwa magariba yana fama da masu gaggawa, abin da ya rage masa na kai da dare kaɗan ne. Na ga yaron nan ya maimaita bidiyo ɗaya sau uku, barci na fizgarsa, alƙalami na zamewa daga hannunsa. In damina ta faɗi kuma ga gonar gida, ba wanda zai ce mai karatun kwamfuta ya fi ƙarfin hauya. Daga shuka zuwa noma zuwa maimai zuwa girbi wata huɗu sun tafi, in ya dawo kan littafi sai ya tarar rabin abin da ya haddace ya zube.

Ga kuma matsalar kuran, wato wutar lantarki, ga ta rezo. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi ta fama har Maris na 2024. Wutar yankin Maraɗi daga layin Katsina take zuwa, in ya tsaya sai mai pano da batir. Shagonsu da pano yake aiki, batirin da ya wuni yana cajin wayoyin mutane kuwa ba ya kai dare da ƙarfinsa. Rezo ranar kasuwa sai a hankali, jama'ar ƙauyuka goma suna kan eriya ɗaya. Bidiyon minti goma sai ya ci rabin awa, ya ci forfe.

Abin da ya fi duka nauyi a ganina shi ne harshe. Ɗan Nijar da Faransanci ya yi lakkal. Takardun da aka fi ambata wa mai farawa biyu ne, Security+ ta ƙungiyar CompTIA da CC ta ƙungiyar ISC2, dukansu daga Amurka, kuma ba ɗaya da ake rubutawa da Faransanci. Akwai Ingilishi, akwai Sifaniyanci, akwai Japananci, babu namu na lakkal. Ɗan Katsina karatu ɗaya yake yi, ɗan Sabon Maci biyu: fannin, da harshen da aka zuba fannin a ciki. Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, amma wanda ya yi Ingilishin sa'o'i kaɗan a mako a kwaleji har yanzu da ƙamus yake bin tambaya. A makaranta akwai malamin da za ka ɗaga hannu ka tambaya, akwai abokan da za ku yi ta musu har ku gane. A tabarma kai kaɗai ne.

Akwai kuma abin da abokin nasa zai samu wanda dare dubu a tabarma ba zai bayar ba, wato dipulom da gwamnati ta sani. A tsarinmu, ranar da aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata, BTS ko lisans ake tambaya, su ke yanke matakin da mutum zai shiga da albashin da zai ɗauka. Takardar CompTIA ba ta cike wannan gurbi. Ga shi shekara uku take yi ta mutu in ba a sabunta ta ba, lisans ɗin Jami'ar Abdou Moumouni kuwa, ko na Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi, naka ne har ƙarshen rai. Wanda burinsa kujerar gwamnati ne, kuma yana da mai ɗaukar nauyinsa shekara uku, ba zan riƙe masa riga ba. Ya tafi, Allah ya ba da sa'a.

Amma ba wannan ɗan ƙanwata ya tambaye ni ba. Takardar farko yake nema, wadda shirinta wata shida ne ko shekara, kuma a kan wannan na karkata ga ya zauna.

Su kansu masu jarrabawar da ma'aikaci suka auna ta. CompTIA tana ba da shawarar mutum ya yi shekara biyu yana kula da kwamfutoci da tsaronsu kafin ya zauna Security+. Sigar da ta fito a Nuwamban 2023, mai lamba SY0-701, tambayoyi ne da ba su wuce 90 ba cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 cikin 900, kuma kaso mafi girma, 28 cikin 100, a kan aikin tsaro na yau da kullum yake: yadda ake ƙarfafa na'ura, yadda ake ba ma'aikaci izinin shiga a kuma karɓe in ya bar aiki, abin da ake yi in ɓarna ta auku. Wasu tambayoyin ma matsala ake ajiye maka a allo a ce warware. In aka hau sama, babbar takardar ISC2 da ake kira CISSP ba a ba da ita cikakkiya sai mutum ya nuna shekara biyar na aiki. Fanni ne da ake ƙirga shekarun da hannu ya yi cikin aiki. To me zai sa mai shekara uku ya tsinke igiyarsa da kansa?

Na kuma ga yadda rana take ciyar da dare. Wata malama ta kawo kile, abin da 'yan Najeriya ke ce wa filash, idonta ya cika da ƙwalla: makin ɗalibanta na wata uku ya ɓace, sai wasu hotuna masu 'yar kibiya suka maye gurbin fayil ɗin. Ya san cutar nan kamar yunwar cikinsa. Ba ta share komai, ɓoyewa take yi, ta ajiye na bogi a fili, duk wanda ya latsa ya kwashe ta zuwa tasa kwamfutar. Layi ɗaya ya rubuta a baƙin allo, makin ya dawo, malama ta yi ta sa albarka. Ya yi haka ya fi a ƙirga. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya tambayi kansa daga ina cutar take zuwa, sai da littafi ya kai shi babin da ke cewa gyara bai cika ba sai an gano tushe. Da ya bi sawu, sai ya tarar kwamfutar shagonsu ce rijiyar da kowa ke sha, kowane kile na gari a jikinta ake soka shi. Shekara biyu yana warkar da mutane da hannun dama, yana shafa musu cutar da na hagu. Daga ranar ya tayar da wata tsohuwar kwamfuta da ke jibge a lungu, ya sa mata Linux, kowane kile sai ya bi ta can an duba shi kafin ya taɓa ta aiki. Da littafin kaɗai yake da shi, da ya karanta babin ya wuce. Da shagon kaɗai ne, da har yau yana nan yana rubuta layinsa ɗaya.

Littafin ya ce tsaro duwatsu uku gare shi kamar murhu: abin da ke sirri ya zauna sirri, abin da aka rubuta kada a sauya shi a ɓoye, abin da ake buƙata a same shi lokacin da ake buƙatarsa. Ɗalibin aji zai haddace ukun ya zuba a takarda. Shi kuwa kowane dutse da fuskar mutum a kansa. Na farko Alhaji ne. Na uku malamar nan ce. Na biyu wani mai hatsi ne da aka nuna wa hoton rasit ɗin tura kuɗi a waya, an gyara lambobin, aka ɗora buhu huɗu aka tafi, ya yi ta jiran kuɗin da ba a taɓa turowa ba. Irin wannan karatu damina ba ta wanke shi.

Kada wani ya ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, tsaron gaske yana bankuna. Ta ƙofar da aka shigar wa Alhaji, ta nan ake shigar wa banki. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto a kan wani gungu masu jin Faransanci da aka sa wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari sama da 30 a kan bankuna da kamfanonin sadarwa, mafi yawa a Afirka, har da Nijar da Najeriya, suka kwashe aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Kayan da kowa ke iya samu a intanet suka yi aiki da su. Wasiƙa suke turo wa ma'aikaci, kamar daga ofishin haraji ko sanarwar ɗaukar aiki, ya buɗe, shi ke nan sun shigo. Sai su lafe watanni suna koyon yadda kuɗi ke tafiya a gidan, su kwashe a ƙarshen mako ko ranar hutu. A 2023 aka kama wanda ake zargin jigonsu ne a Kodebuwa da taimakon Interpol. To a cikin waɗannan watanni da ɓarawo yake kwance a tsakar gida, wa ake fara kai wa kuka cewa kwamfuta ta yi nauyi, ko wani abu yana buɗe kansa? Mai gyara. Shi ne zai fara gani, in ya san abin da yake kallo. Saboda haka nake ganin mai gyaran da ke karatun tsaro ya riga ya sa ƙafa ɗaya a cikin fannin, ko da ba wanda ya rubuta masa haka a takarda.

Sai maganar kuɗi, wadda bai kamata a yi mata kunya ba. Kuɗin zama Security+ ya haura dala 400, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba, wato sama da jikka 200. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jikka 42 ne. In ka faɗi, sabon biya. CC ta fi sauƙi. Ba ta neman gogewa, kuɗinta dala 199, a 2022 ma ISC2 ta yi shelar ba mutum miliyan ɗaya darasi da jarrabawa kyauta. Sai dai bayan an ci akwai dala 50 kowace shekara don takardar ta ci gaba da rai, kuma dole a je cibiyar Pearson VUE a zauna, irin waɗannan cibiyoyi kuwa a manyan birane suke. Security+ ana iya yin ta daga gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamara, amma tana son ɗaki rufaffe da ba mai shigowa da rezon da ba zai yanke ba har minti casa'in, abin da ba zan ba kowa shawarar ya yi caca da jikka 200 a kansa a Sabon Maci ba. Kowace aka zaɓa, akwai kuɗin mota, akwai masauki, akwai katin bankin da za a biya da shi, akwai katin shaida da dole sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na rajista harafi da harafi. Wanda ya ajiye aiki duk waɗannan suna jiransa, a kan kuɗin makaranta da haya da abinci a Yamai, sama da kilomita 600 daga tukunyar uwarsa, kuma ba abin da ke shigowa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ilimin kansa kuwa ba a Yamai aka kulle shi ba. Ba'amurken da yake kallo, Professor Messer, ya zuba darussan Security+ daga farko har ƙarshe a YouTube kyauta. Makarantar Cisco ta intanet tana da darasin share fage a kan tsaro da Faransanci, shi ma kyauta, wanda zai ba ɗan Nijar damar ya gane abin da harshen da ya sani kafin ya koma ya koyi sunayensa da Ingilishi. Ranar da ya shiga Maraɗi sayen tawada da takarda, sai ya sauke na mako biyu a waya ya dawo da su. Tun da Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025 ma, wuraren da ake sayar da wifi na awa sun ƙaru.

Duk da haka ban ce masa ya zauna hakanan ba, domin shago malami ne mai koyar da alheri da sharri tare. A nan ake sa Windows na sata da manhajar da aka fasa, waɗanda su kansu ƙofar cuta ne. A nan za ka ga Windows 7 tana aiki, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Janairun 2020, ga Windows 10 ita ma an sallame ta a Oktoban 2025. A nan ake sa wa kowa kalmar sirri iri ɗaya don kada a manta. Wanda ya saba da haka, ranar jarrabawa amsar shago zai zaɓa, ya faɗi. Mafi muni ita ce wayar da ake kawowa a ce a cire mata kulle, ba kwali ba rasit, kowa ya san daga inda ta fito. Da hotunan iyalan mutane da ke cikin wayar da aka bari gyara, waɗanda wasu masu shago ke buɗewa in mai ita ya juya baya. Wannan ɗabi'a tana ƙona mini rai, kuma na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Na ce, "Ɗana, wanda ya saba leƙa aljihun rigar da aka ba shi ajiya, ba bankin da zai miƙa masa makullin taska. Ka kiyaye amanar wayar talaka tun yanzu." Doka ma tana nan. Ta 3 ga Yulin 2019 a kan laifukan intanet ta hana shiga na'urar wani ba da izininsa ba, akwai kuma hukumar HAPDP da aka kafa don kare bayanan mutane. Duk dabarar da ya koya da dare ransa ya so gwadawa, ya gwada a kan tasa kwamfutar.

Akwai abin da shago ba shi da shi sam. Babu babbar kwamfuta mai riƙe da asusun ma'aikata ɗari, babu katangar tsaro, babu rajistar da ke rubuta motsin kowace na'ura dare da rana. A nan abokinsa na Yamai ya fi shi, ba musu. Abin da mai zama zai iya shi ne ya gina na gwaji: da VirtualBox a zuba kwamfuta biyu ko uku cikin guda, da Packet Tracer a zana hanyar sadarwar ma'aikata a haɗa a kwance, da Wireshark a kalli abin da ke wucewa ta cikin waya. Bai kai na gaske ba, amma ya isa jarrabawar farko.

Babban haɗarin mai zama shi ne "sai na shirya". Ɗan makaranta yana da ranar da za a ce a ajiye alƙalami, ko ya so ko ya ƙi. Mai karatun dare ba mai tsaya masa a kai. Na san waɗanda suka yi shekaru suna shiri har CompTIA ta sauya sigar jarrabawar, kamar yadda take yi kusan duk bayan shekara uku, littafinsu ya tsufa a hannunsu, suka sake daga farko, daga baya suka watsar. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma an ƙarasa da sai dai a daɗe ba a je ba. Na ce masa ya yanka rana, ya biya, ya gaya wa mutane, don kunya ta tura shi in kasala ta kama shi. Ya kuma bi kalandar garinsa: karatu mai nauyi daga bayan kaka zuwa kafin shuka, a zauna jarrabawa kafin hadari ya fara haɗuwa. Ya maida karatun bayan asuba, awa ɗaya kafin a buɗe shago, lokacin da kai bai cika da hayaniyar mutane ba. Dare ya bar shi ga maimaici da barci.

Akwai dalilin da ya rage, kuma na yarda nawa ne fiye da nasa. Dukiyar mutanen nan ta koma cikin waya. Abin da ɗan ci-rani yake turowa daga Libiya ko Aljeriya ko Legas, abin da mai wake da mai gujiya suke karɓa, ta NITA da Amana da Al Izza da Airtel Money yake bi. Da yawansu ba sa iya karanta saƙon da ke shigo musu, da Faransanci yake. Yaron nan ya iya kallon dattijo ya ce, "Baba, lambar nan makullin rumbunka ce, ko ni na tambaye ka kada ka ba ni," dattijo ya gane nan take. Ba babin da ke koyar da wannan a Security+, amma duk ma'aikatar da za ta ɗauke shi gobe tana cike da mutane masu buɗe wasiƙar da bai kamata su buɗe ba, kuma wanda ya iya yi musu magana ba tare da ya wulaƙanta su ba, shi za su kira da wuri in abu ya faru. Wanda ake jin nauyinsa ko tsoronsa, ɓoye masa ake yi har ɓarna ta yi nisa.

Ban ruɗi kaina ba. Takardar ba ta zuwa da aiki a bayanta, akwai masu ita da yawa suna nema. In kuma ya ci ya dace, tafiya zai yi, Maraɗi ko Yamai ko gaba da nan, domin amfaninta ke nan, ta yi wa mutum shaida a inda ba a san shi ba. A Sabon Maci ba mai tambayarsa takarda, an san ɗan wane ne, an san hannunsa. Abin da nake so shi ne ranar da zai zauna gaban masu tambaya, in aka ce ba mu labarin wata ɓarna da ka taɓa warwarewa, ya kasance yana da labarin kile da rijiya, ya kuma bar wani yaro a bencin da ya koya wa aikin.

Kasuwa ta zagayo, kwana bakwai sun cika, a ranar na ba shi amsata. Ya saurara har na gama, ya ce, "To Kawu, na ji." Ya ɗauki alli ya rubuta wata da rana a bangon da ke bayan firinta. Ya ce zai fara da darasin Cisco na Faransanci, sannan ya fuskanci Security+, kuɗin kuwa zai haɗa adashensa da ɗan rago da zai turke ya sayar kafin Layya.

Muna cikin haka Alhaji ya shigo, wannan karon da sallama har da tambayar mutan gida, ga abokan dillancinsa biyu a bayansa kowa da waya a hannu. Asusun ya buɗu. Yaron ya kai shi wurin sa lambar sirri ta biyu, ya miƙa masa wayar, ya juya fuska ga bango har ya gama. Alhaji ya ce a yi wa waɗannan ma, kuma zancen rago a bar masa, shi zai zaɓo da kansa kafin kasuwa ta watse. Na farkon ya karɓi wayarsa, ya yi ɗan tunani, ya buɗe baki ya fara, "To sa mini huɗu, bakwai..." Alhaji ya dafe masa hannu. "Kai, yi shiru. A zuci ake yi."